Jiki Magayi Ne, To In Ƙafa Ta Yi Shiru Fa?

Daga Rumfar Kasuwa, Katsina



A makon jiya Edita ya miƙo mini takardar wani malamin makaranta daga ƙasar Daura. Malamin ya ce yau wata biyar ke nan, ko wane dare in ya kwanta sai tafin ƙafarsa ya ɗauki zafi kamar an shafa masa barkono, yatsu kuma su riƙa yin minjirya, har ba ya son mayafi ya taɓa su. Da rana kuwa in yana tafiya sai ya ji kamar auduga ya ke takawa. Ya ce waɗansu sun gaya masa sanyi ne, waɗansu sun ce basir ne ya sauka, wani kuma ya ja shi gefe ya ce a bincika, kada ya zama ya taka wani abu da aka binne masa a ƙofar aji. Yana tambaya wanne zai ɗauka.

Malam, kada ka ɗauki ko ɗaya. Kafin in gaya maka dalili, bari in ba ka labarin maƙwabcina, gama abin da ya same shi har da laifina a ciki, shi ya sa ba na jin irin wannan tambaya in yi shiru.

Rumfarsa tana kallon tawa a nan Babbar Kasuwa. Dattijo ne mai sayar da hatsi, ƙaƙƙarfa, wanda ko da ya haura hamsin ya kan kama kunnen buhu tare da 'yan dako. Ran nan mun tashi salla da la'asar, ya tuɓe takalmi zai yi alwala, sai na ga jini ya bushe a cikin takalmin nan. Muka juya shi, sai ga ƙusa ta huda ta ƙasa, tsininta ya fito ciki. Tun safe ya ke yawo a kanta. Na ce, "Alhaji, ashe ba ka ji ba?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ƙafar bakatsine ce, ta sha rana ta sha ƙaya, ƙusa ba ta isa ta dame ta ba." Na yi dariya, mutanen wurin suka yi dariya, wani ma ya ce lalle Alhaji ya sha tauri. Ya wanke ƙafa, muka shiga sahu.

Ba mu sake ta da maganar ba sai bayan kamar mako uku, da na lura yana ɗaure ƙafar da tsumma. Wurin ya zama gyambo, gefensa ya yi kanta. Ya kira wanzami ya fere kantar da aska, aka barbaɗa gari, ya ci gaba da fitowa kasuwa, domin a cewarsa abin da ba ya ciwo ba ya hana neman abinci. Da ƙafar ta kumbura ta soma wari, sai zance ya koma kan maƙiya, aka yi hayaƙi, aka yi rubutu. Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi aka ɗauke shi zuwa asibiti, babban yatsa da na kusa da shi sun riga sun yi baƙi. Can aka auna jininsa aka tarar yana da ciwon sukari, wanda likita ya ce ya daɗe a jikinsa bai sani ba. Aka yanke rabin ƙafar domin a ceci sauran. Ya yi wata da watanni a kwance, jarin hatsi ya tafi wajen magani, babban ɗansa ya bar karatu ya zauna rumfa. Yanzu Alhaji ya kan zo da sanda ya zauna a kan benci, ni kuwa ko yaushe na dube shi sai in tuna dariyar da na yi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Tun daga nan na sa kaina tambayar likitoci da karanta abin da na iya samu, ga kuma abin da na tsinto.

Mu Hausawa kalma guda mu ke da ita, jijiya, alhali kuwa abin iri-iri ne. Akwai jijiyar da jini ke gudana a cikinta. Akwai kuma wata fara, siririya kamar zare, wadda ba ta ɗaukar jini, saƙo ta ke ɗauka. Irin wannan ta kan taso daga laka, watau bargon nan da ke cikin ƙashin baya, ta yi rassa ta ratsa ko'ina a jiki. Ku ɗauka ƙwaƙwalwa sarki ce a fada, gaɓoɓi su ne garuruwa, jijiyoyin nan kuwa su ne hanyoyin da jakadu ke bi. In ka taka garwashi, jakada ya kan sheƙa ya kai labari, umurni ya komo nan take cewa a ɗage ƙafa, duk kafin ka ce wayyo. To a cikin hanyoyin nan babu mai tsawo kamar wadda ta tashi daga ƙugu ta dire a babban yatsan ƙafa, ta kan kai kamar mita guda a jikin babban mutum. Hanya kuwa in ta yi tsawo ta fi yawan wuraren lalacewa, kamar yadda saƙon Kofar Soro zai riga isa Batagarawa kafin ya isa ƙauyen da ke bakin iyaka. Shi ya sa in cuta ta kama jijiyoyin saƙo, daga yatsun ƙafa ta kan fara, galibi ƙafa biyu tare, ta riƙa hawa a hankali kamar mutum yana jan safa. In ta kai wajen gwiwa sai a soma jin ta a yatsun hannu.

Aikin jijiyoyin nan uku ne, ɓarnar ma uku ce. Na farko su ne masu kai labarin taɓi da zafi da sanyi da ciwo. Sa'ad da suka fara lalacewa su kan kai labarin ƙarya, shi ne zafin barkono da sukar allura da minjiryar da malamin Daura ya ke ji alhali babu abin da ya taɓa shi. In lalacewar ta yi nisa sai su daina kai labari sam, shi ne halin maƙwabcina. Waɗansu ma su kan haɗa biyun, ƙafa tana ƙuna da dare, amma ƙaya ta shige ta ba a ji ba. Na biyu su ne masu motsa nama. In suka raunana sai ƙananan naman ƙafa su shanye, yatsu su tanƙware kamar na shaho, nauyin jiki ya taru a wuri guda a ƙarƙashin tushen yatsu, nan kanta ke fitowa, a ƙarƙashin kantar kuwa gyambo ke haƙa raminsa. Na uku su ne masu sa gumi. In suka tsaya fata ta kan bushe, ta yi kaushi, ta yi faso, balle da hunturu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, faso kuwa shi ne ƙofar ƙwayoyin cuta.

Mu kan ce jiki magayi. To ciwo shi ne bakin da jiki ke magana da shi, kuma ko da ya ke ba mai son sa, rahama ne. Mai lafiya in tsakuwa ta shiga takalminsa ba ya taku goma bai tsaya ya fitar ba. In takalmi ya matse shi ya kan sake taku bai ma sani ba, in ya yi rauni ya kan yi ɗingishi, ɗingishin nan kuwa shi ke hutar da raunin har ya warke. Wanda ƙafarsa ta yi shiru duk ya rasa wannan. Zai taka rauninsa sau dubu a yini da dukkan nauyinsa, yana murna wai ba ya jin kome.

Mu mutanen Katsina bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba, domin mun daɗe muna ganinsa da wani suna. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, 'yan mishan suka karɓi aikin jiyyar masu kuturta a Babbar Ruga, nan bayan gari, kamar yadda suka karɓa a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. A wancan zamani kowa ya ɗauka, har da likitoci da yawa, cewa kuturta cin nama ta ke yi, yatsu su ruɓe su zube da kansu. Tun 1873 wani likitan ƙasar Norway, Hansen, ya gano ƙwayar da ke kawo cutar, amma yadda a ke rasa yatsun bai fito sarari ba sai da wani likitan Ingila, Paul Brand, wanda ya fara aiki a Vellore ta ƙasar Indiya a 1946, ya zauna ya bi raunukan majiyyatansa ɗaya ɗaya yana tambayar asalin ko wanne. Sai ya tarar wannan tukunya mai zafi ya ɗauka, wannan ƙotar fartanya ce ta goge masa hannu, wannan takalmi ne ya ci shi. Waɗansu kuma da su kan wayi gari yatsa ya ragu, ashe ɓeraye ne ke gwaguyar su cikin barci ba su farka ba, har ya zama ya kan so mai komawa gida ya tafi da kyanwa. Watau ƙwayar kuturta jijiya ta ke kashewa, sauran ɓarnar kuwa rauni ne da ba a ji ba, ba a hutar ba, har ya ruɓe ya ci ƙashi. Daga baya ya koma Amurka, aka ga ilmin nan ya zauna daidai a kan ƙafar mai ciwon sukari.

Kuturta yanzu ta ragu ƙwarai, kuma tana warkewa. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, tun 1995 kuwa kyauta a ke ba da su, wata 6 ko wata 12 gwargwadon irin cutar, wanda ya soma sha kuma ya daina yaɗa ta. Amma ba ta ƙare ba. Duk wanda ya ga tabo a fatarsa da ya fi sauran jiki haske, ba ya ƙaiƙayi, in an taɓa ba ya ji, ya je a duba tun jijiya ba ta mutu ba, gama magani yana kashe ƙwayar, amma jijiyar da ta daɗe da mutuwa da wuya ta farfaɗo.

A yau babban mai kashe jijiyar ƙafa shi ne ciwon sukari. Sukari in ya yi yawa a jini shekara da shekaru ya kan lalata jijiyar kanta, ya kuma ƙuntata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita. Likitoci sun ƙiyasta kusan rabin masu wannan ciwo za su gamu da lalacewar jijiya a rayuwarsu, kuma da yawa ƙafar ce ke fara tona ciwon, kamar maƙwabcina. Abin da ya ƙara muni, sukari ya kan rage jinin da ke isa ƙafa, ya raunana jiki wajen yaƙi da ƙwayoyin cuta, saboda haka rauni ba a ji shi ba, kuma ba ya saurin warkewa. Mai shan taba ya ƙara wa wutar itace.

Akwai waɗansu dalilai kuma. Yawan shan giya yana yi. Ƙarancin sinadarin B12, wanda a ke samu a nama da hanta da ƙwai da nono da kifi, yana yi, kuma wannan in an gano da wuri ya kan gyaru. Maganin sukarin nan metformin, mai amfani ne ƙwarai, amma in an daɗe ana sha ya kan rage B12, sai a riƙa aunawa, ba a bar magani ba. Maganin tarin fuka mai suna isoniazid ya kan taɓa jijiya, shi ya sa a kan haɗa shi da sinadarin B6. Ciwon ƙoda da cutar ƙanjamau su ma suna yi. A kudancin ƙasar nan kuma, a shekarun 1960, Farfesa Osuntokun na Ibadan ya yi bincike a kan mutanen da rogo ne abincinsu dare da rana, wanda ba a jiƙa shi ya fitar da dafinsa sosai ba, ƙafafunsu suka mutu har suna tangaɗi. Kun ga ke nan ba a sanin dalilin a rumfa ko a zaure, sai an auna jini.

Saboda haka, malam, abu na farko ka je asibiti da safe ba ka ci kome ba, ka ce a auna maka sukari, ka kuma tuɓe takalmi ka ce a duba ƙafa, kada ka jira a tambaye ka. Suna da wani ɗan zaren roba kamar gashin wutsiyar doki, wanda ya kan tanƙware in an danna shi da nauyin giram 10. Za a sa ka rufe ido a riƙa taɓa tafin ƙafarka da shi, inda ba ka ji ba nan mai gadi ya yi barci. Ko a gida ma akwai gwajin da likitocin garin Ipswich na Ingila suka fito da shi. Mutum ya rufe ido, wani ya taɓa masa kan babban yatsa da na tsakiya da ƙaramin, a ko wace ƙafa, da ɗan yatsa, a hankali ba dannawa. Wuri shida ke nan. In ya kasa jin biyu ko fiye, to ya nufi asibiti. Zafin dare kuwa akwai magungunansa na musamman a hannun likita. Kada a ruga kemis a riƙa haɗiyar ƙwayoyin kashe ciwo masu sa maye, a fita daga wata rijiya a faɗa wata. Tsare sukari da magani da abinci da motsa jiki shi ke hana cutar ci gaba da hawa.

Abu na biyu shi ne wanda na fi so malamai su ɗauka su kai wa almajiransu da masallatansu. Mu kan ce gani ya kori ji. To wanda ji ya guje wa ƙafarsa, gani ne kaɗai ya rage masa, tilas ido ya karɓi aikin gadi. Turawa sai likita ya yi ta roƙonsu su riƙa duba ƙafa sau ɗaya a yini. Mu kuwa Allah ya riga ya sa mu tuɓe takalmi mu kama ƙafa da hannu, mu wanke har idon sawu, mu tsettsefe yatsu, ko wace rana, ba sau ɗaya ba. Abin da ya rage kurum shi ne mu buɗe ido sa'ad da mu ke yi. Da ni da maƙwabcina mun duba da idon basira a alwalar nan ta la'asar, da yau yana kan ƙafarsa. Mai irin wannan ciwo ya duba tafi da dunduniya da tsakanin yatsu, ya nemi bororo ko faso ko ja ko kumburi ko wurin da launi ya sake. In ƙiba ko tsufa ko raunin ido ya hana shi, ya aza madubi a ƙasa, ko ya sa matarsa ko ɗansa su duba masa, babu kunya a ciki. Bayan alwala ya tsane tsakanin yatsu da tsumma mai tsabta, domin danshi a nan ya kan jiƙa fata ta tsage. Da dare ya shafa man kaɗanya ko basilin a tafi da dunduniya, ban da tsakanin yatsu.

Sa'an nan ya yi hankali da zafi, domin nan ƙasarmu ta fi cuta. Da hunturu kada ya miƙa ƙafa ga kaskon wuta ko bakin murhu, da yawa sun gasa ƙafarsu suna hira. Ruwan ɗumi ya gwada shi da gwiwar hannu tukuna, ko wani ya gwada masa. Da bazara kada ya taka rairayi ko siminti ko kwalta da rana ba takalmi. Ran Juma'a in sahu ya fito waje ya sa safa mai kauri, ya shimfiɗa darduma, takalminsa kusa da shi. Mai niyyar Hajji ya riƙe wannan da kyau, alhazai da yawa masu sukari sun ƙone tafin ƙafa a can domin takalmi ya ɓace a ƙofar masallaci, suka taka dutse mai zafi zuwa masauki. Mai hawa babur kuma ya kula da salansa.

Takalmi kuwa, tun da a kasuwa na ke, bari in faɗi abin da na sani. Kada ya yi yawo ba takalmi ko a tsakar gidansa. Ya bar silifa mai igiya tsakanin yatsu da takalmin roba mai tauri, ya nemi sau-ciki mai faɗin baki, mai laushin ciki, mai kaurin ƙasa. Ya saya da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kada ya yarda da zancen mai kaya cewa zai buɗe in an sa. In ya ga dama ya taka takarda a zana masa sawunsa, ya yanke, ya zura a cikin takalmin, in takardar ta tanƙware to ya yi kaɗan. Dukawanmu ma suna iya ɗinka masa daidai ƙafarsa in ya yi musu bayani. Sabon takalmi ya sa shi sa'a ɗaya ko biyu ya tuɓe ya duba. Ko wane lokaci kafin ya sa, ya kakkaɓe, ya zura hannu ciki. Farce a yanke shi a miƙe, ba a bi kusurwa ba. Kanta kuwa kada reza ko askar wanzami ta kusance ta, aikin asibiti ne. Ba na raina wanzamai, sana'arsu ta gado ce, amma wannan ƙafa ba irin wadda suka saba ba ce, mai ita ba zai ce wash ba in aska ta zarce.

In kuwa rauni ya riga ya samu, ko da kamar ƙwayar gero ne, a wanke da ruwa mai tsabta, a rufe da bandeji, a kai asibiti a yau ko gobe, a kuma daina taka shi, domin gyambon da a ke takawa ba ya warkewa ko da wane magani aka sa. Kada a zuba masa toka ko gari ko man birki. In an ga ja yana yaɗuwa, ko mugunya, ko wari, ko baƙi, ko zazzaɓi, ko ƙafa guda ta kumbura ta fi 'yar'uwarta zafi ko da babu rauni, to ba a kwana. Mai tsoron alwala kuma ya tambayi malaminsa hukuncin shafa a kan ɗauri, yana nan a littattafan fiƙihu da mu ke karantawa, addini bai tilasta shi jiƙa rauni ba. Addu'a a yi ta, ba wanda ya hana, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Na san abin da ke hana mutane zuwa, tsoron kada a ce za a yanke. Jama'a, jinkirin nan shi ne ke kawo yankan. Wanda ya je da bororo ya kan komo da bandeji, wanda ya jira wari shi ke komowa da sanda.

Malam na Daura, ƙunar da ke hana ka barci na san azaba ce, amma ka gode wa Allah ƙafarka tana magana tukuna, ta kuwa yi maka gargaɗi da wuri. Ka je a auna, ka rubuto mana abin da aka ce, domin waɗansu su ƙaru. Ku kuma malaman makaranta da akawuna da limamai, in kun ga dattijo yana alfahari ƙaya ba ta kama shi, ko takalmi ya saɓule masa yana tafiya bai sani ba, kada ku yi dariyar da na yi. Ku kama hannunsa ku kai shi.

Jiya da la'asar Alhaji ya kira ɗan dakon da ke yi masa aiki ya ce ya ɗago ƙafa ya gani. Yaron ya yi ta dariya, Alhaji bai yi ba.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya tsare mana gaɓoɓinmu, amin. Haza wasalam.

Naku,
Mai Zaman Rumfa,
Babbar Kasuwa, Katsina.